Takalman da Suka Je Sujada

A zamanin da, can baya kafin kakannin kakanninmu, an yi wani sarki mai suna Ayuba. Shi da talakawansa duka masu bin Almasihu ne. Mutum ne mai sauƙin kai, sai dai abu ɗaya ya dame shi: majami'ar da mahaifinsa ya gina ta fara zama fayau ranar Lahadi, ba kowa sai tsofaffi da tantabaru.

Ya kira Waziri Cindo da Malam Barnaba, babban malamin majami'a, ya nemi shawara. Waziri ya ce magani ɗaya ne, a kafa doka: wanda bai je sujada ba, tararsa akuya. Malam Barnaba bai so ba da farko, amma da ya ji rabin awakin na majami'a ne, rabi na garken waziri, sai ya ce lallai shawarar ta yi kyau.

To, al'adar ƙasar ita ce ba a shiga majami'a da takalmi, kuma kowane gida da irin alamar da baduku ke yi masa a kan fata. Don haka waziri ya sa dogarai su riƙa duba takalman da ke bakin ƙofa. Gidan da aka ga takalminsa ya zo, wanda ba a gani ba a kamo akuyarsa.

Kun san halin mutane. Kafin wata ya zagayo sun gane kan abin. Mutum ɗaya sai ya cika kwando da takalman unguwa, ya jera su da sassafe, masu su kuwa suna gona ko kasuwa. Kullum waziri na gaya wa sarki bakin ƙofa ya cika maƙil. Sarki yana da ɗakin sujadarsa a fada, ba ya zuwa ya gani da idonsa, sai ya yi ta murna.

Akwai wata tsohuwa, Iya Tabita, ungozomar garin. Tun da aka haife ta ba ta taɓa sa takalmi ba. Kowace Lahadi tana can baya cikin majami'a tana waƙa, amma dogarai ba su ɗaga kai, ƙasa suke kallo. Aka kama akuyarta ta fari, aka kama ta biyu. Saura ɗaya, wadda take tatsa tana ba jariran da uwayensu ba su da nono. Da aka zo kama wannan, ta riƙe igiya, aka ja su tare har gaban sarki.

Waziri ya ce wannan mata ba a taɓa ganin alamarta a majami'a ba. Sarki ya tambaye ta ko gaskiya ne.

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, sau ɗaya na fasa a bana, ranar da matar maƙeri ta yi naƙuda. Ban ga alamar Ubangiji ya yi fushi ba, don tagwaye ya ba mu."

Fadawa suka yi dariya. Sarki ya ce, "To Iya, a ganinki zuwan dole ne?"

"Ni dai ba wanda ya taɓa tilasta mini. Ban iya karatu ba, a can ake karanta mini. In na yi waƙa ni kaɗai, kaji ma watsewa suke, amma cikin jama'a ba a gane muryata. Kuma in ban je ba, wa zai ja makauniya Fibi?"

Sannan ta roƙi sarki abu ɗaya, ya zo ranar Lahadi ba tare da sanarwa ba, ya tsaya a ƙofa lokacin tashi.

Haka aka yi. Da aka ce amin, sarki ya umarci kowa ya sa takalminsa ya tafi. Mutum goma sha tara suka fito, Iya Tabita ta biyo su da ƙafa tsirara tana jan Fibi. Takalma kuwa suna nan jere har gindin tsamiya, ba mai ɗauka. A sahun gaba ga wasu jajaye masu zaren zinariya, kowa ya san na waziri ne. Aka aika, aka same shi a garke yana duba awaki, aka taho da shi.

Malam Barnaba ya sunkuyar da kai. Ya ce wata uku yana wa tabarmi wa'azi, ya sani, awakin ne suka rufe masa baki. Ya nemi gafarar Allah da ta jama'a.

Sarki ya soke dokar nan take, ya sa aka mayar wa kowa dabbarsa. Ya ce daga yau kada dogari ya sake tsayawa a wannan ƙofa, kada kuma malami ya sake raba wani abu da fada. Waziri kuwa, sarki ya ce tun da takalmansa sun fi shi ibada, ya bar su nan ya koma gida a ƙasa, rawaninsa ma ya ajiye.

Sarki ya ɗauki jajayen takalman ya miƙa wa Iya Tabita. Ta juya su, ta yaba ɗinkin, ta mayar.

"Ranka ya daɗe, a bar ni yadda nake. In na ajiye waɗannan a ƙofa, sai a ce Cindo ne ya zo."

Ta ja akuyoyinta uku ta yi gida. Lahadin da ta biyo, an ce mutum arba'in suka zo, kowa da ƙafarsa a cikin takalminsa. Nan na ji labarin, nan kuma na ajiye muku.