Rantsuwar Sanda a Kan Zaɓen Kansila

Akwai wani mutum a Katuru, ƙasar Shinkafi, ana ce masa Sanda Ɗantani. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba. Manomi ne, amma in zaɓe ya zo shi ke tara wa babbar jam'iyya mutane. Yana da baki. Matarsa ɗaya, Rekiya, shekara ashirin da shida suna tare.

A zaɓen kansila na wannan shekara sai Rufa'i mai gyaran famfon burtsatse ya fito takara. Ba uban gida, ba mota. Wata ƙaramar jam'iyya ya ari tutarta don sunansa ya shiga takarda. Da keke yake yawon neman ƙuri'a.

Ana saura kwana biyu zaɓe, Sanda yana zaune a rumfar mahauta, sai Maigari mahauci ya tsokane shi.

"Sanda, yaron ga zai kada ku hwa. An ce irinsa sun hito har Zurmi da Ƙaura."

"Wanga mai maiƙon hannu?" in ji Sanda. "In Rufa'i yac ci, Rekiya ta saku, saki ukku!"

"Subhanallahi! Janye, ɗan'uwa."

"Ba ni janyewa."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi.

Bayan la'asar ranar zaɓe aka gama ƙirga. Rufa'i ya ci, da rata mai yawa. Gari ya ɗauki guɗa. Sanda yana tsaye a bakin firamare inda aka jefa ƙuri'a, bai ji zafi ba, bai ji sanyi ba. Yana ganin bakin mutane yana motsi, ba ya jin abin da suke faɗi.

Ƙafarsa ce ta kai shi zauren liman.

"Da bakinka ka hwaɗa?" liman ya tambaye shi.

"Wasa ne, Malam."

"Gaban mutane?"

"Gaban mutane."

"Ba a wasa da saki. Ta saku, kuma ba ka da ikon maida ta."

Ya taso ya nufi gida. Labari ya riga shi. Ya tarar da Rekiya a tsakar gida tana jera kwanoninta cikin buhu, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kuka.

"Uwar Maijidda," ya kira ta da sunan 'yarsu.

"Na ji. Na aika wa yayana Zurmi."

"Ban zaci zai ci ba. Wa zai zaɓe shi?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Ni. Ni da duk matan unguwar ga, shi munka jefa ma. Shekara ukku shi ka gyara muna famfo in ya lalace. Kai ko sau ɗaya ba ka tambaye ni inda nike ɗebo ruwan da kake sha ba. Da ka tambaya, da ba ka rantse ba."

Ta ɗaure bakin buhu.

"Randa cike take. In ta ƙare, famfon na bayan masallaci."

Sanda ya zauna a kan turmi. A waje ana ta kiɗa.

Darasi: Kada girman kai ya sa ka ɗora aurenka a kan siyasa. Kuma kafin ka yi alfahari da sanin zuciyar gari, fara sanin ta gidanka. Ku tura wa masu saurin rantsuwa.