Mutumin da Ya Ƙara wa Katinsa Gudu

Akwai wani mutum a wani gari, sana'arsa haɗa bidiyo ce. In ana biki ko jana'iza, shi ake kira ya ɗauka, ya koma shagonsa ya yanke nan, ya haɗa can, ya sa waƙa inda ta dace. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya wasa da aikin mutane. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa: ba ya iya jira.

Kwamfutarsa kuwa ta tsufa. In ya gama tsara aiki ya ce ta fitar da shi, sai ta yi ta jan ƙafa har ransa ya ɓaci. Ran nan ya tafi kasuwa wurin Malam Irmiya, mai sayar da kayan kwamfuta, wanda suke sujada a ikilisiya ɗaya, ya sayi katin hoto. Shi wannan kati wani ƙarfe ne mai fanka a jikinsa, ana sa shi cikin kwamfuta, shi ke ɗaukar nauyin hotuna da bidiyo. Da Malam Irmiya ya miƙa masa kwalin ya ce, "In ya ba ka matsala, dawo da shi kawai. Ni da kai ba ma 'yar haka."

Mutumin ya sa katin, aiki ya yi sauri, ya gode wa Allah. Amma murnarsa ba ta daɗe ba. Wata rana ya gani a waya wasu suna nuna yadda ake ƙara wa irin wannan kati gudu, ya wuce iyakar da masu ƙera shi suka sa masa. Suka ce iyakar nan tsoro ne kawai irin na masu kamfani. Sai ya sauke manhajar da ake yin haka da ita, ya ɗan ƙara kaɗan. Aiki ya ƙara sauri. Ya sake ƙarawa. Fankar ta fara kuka, iska mai zafi na fitowa daga bayan kwamfutar, amma ya ce a ransa ai alamar ƙarfi ke nan. Ya saita manhajar ta riƙa tashi da kanta duk lokacin da aka kunna kwamfuta, ya rufe ta, bai ƙara buɗewa ba.

Ana nan sai wani dattijo a garin ya rasu, aka kira mutumin ya ɗauki jana'izar. Bayan an watse, matar marigayin, Mama Rifkatu, ta kira shi gefe ta ce, "Ɗana, ranar nan hawaye bai bar ni na ga komai ba. 'Yata za ta koma garin mijinta ƙarshen mako. Ina so mu zauna tare mu kalla kafin ta tafi."

Ya ce, "Mama, kada ki damu. Za ki samu."

Da ya zauna kan aikin, sai wasu ɗigo-ɗigo kore suka bayyana a allon kwamfutar, a kan fuskar faston da ke addu'a. Can sai hoton ya tsaya cak. Can allon ya yi baƙi, aikin da ya yi tun safe ya tafi. Ya kashe, ya kunna, ya sake farawa, abin ya sake faruwa.

Sai ya shiga neman laifi. Ya ce wayar allo ce, ya canja ta. Ya ce ƙura ce, ya buɗe kwamfutar ya hure. Ya ce wutar lantarki ce ke rawa, ya tada janareta. Ya goge manhajar haɗa bidiyo ya sake sa ta. Komai ya taɓa, ban da wuri ɗaya.

Matarsa Rahila ta kawo masa abincin rana, ta same shi ya dafe kai. Ta ji kukan fankar ta ce, "Maigida, ba kwanaki ka ce ka ƙara wa abin nan gudu ba? Ko shi ne?"

Ya ce, "Ba shi ba ne. Mutane nawa suka yi, nasu lafiya lau? Katin ne ba shi da kyau tun daga kamfani."

Ta ajiye kwanon ta fita. Maganarta ta zauna masa a ƙirji, amma bai so ya duba ba, gama in ya duba ya ga ita ce da gaskiya, dole ya koma jira kamar dā. Ya yi ta juya abin a ransa: ya mai da katin ne, ko ya riƙe? In ya mayar, me zai ce? Daga baya ya tuna alkawarin Malam Irmiya, ya zare katin, ya sa a kwali, ya hau babur.

Malam Irmiya ya juya katin a hannu ya ce, "Ɗan'uwa, ka taɓa wani abu a jikinsa?"

Mutumin ya ce, "Ko noti ɗaya ban kwance ba."

Gaskiya ya faɗa, amma ya san ba ita ce gaskiyar da ake nema ba. Malam Irmiya bai ƙara tambaya ba. Ya jefa kwalin ƙarƙashin tebur, cikin tarin kayan da suka lalace, ya ɗauko sabo irinsa sak ya ba shi. Ya ce, "Yi haƙuri, na ɓata maka aiki. Dilan da ya aiko mini da shi kuwa, yau zai ji daga bakina."

Mutumin ya koma shago da sauri, ya sa sabon katin, ya kunna. Aiki ya fara tafiya, ya yi ajiyar zuciya. Bai kai ga wurin da aka sauke akwatin gawa ba, sai fankar ta ɗaga murya. Ɗigo-ɗigon nan kore suka dawo. Allon ya yi baƙi.

Ya zauna yana kallon inuwar fuskarsa a baƙin allon. Kati biyu, ciwo ɗaya. Ya kunna kwamfutar, ya nemo manhajar nan da ya daɗe bai buɗe ba. Ga saitin nan inda ya tura shi, can ƙarshe. Katin ya canja, amma saitin bai je kasuwa ba. Yana nan cikin kwamfutar yana jiran duk katin da za a kawo.

Ya danna wurin da ke mai da komai yadda masu ƙera katin suka tsara. Nan take kukan fankar ya sauka. Bidiyon ya fara fita a hankali, shi kuwa ya naɗe hannu ya jira, abin da bai taɓa iyawa ba. Aikin ya fita tsaf, ba ɗigo ko ɗaya. Sai dai lokaci ya riga ya ƙure. Da ya kai wa Mama Rifkatu faifan, ya tarar 'yarta ta hau mota tun da safe. Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, ɗana. Zan kalla ni kaɗai." Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Daga gidanta bai koma shago ba, kasuwa ya nufa. Ya tsaya gaban Malam Irmiya ya faɗa masa duka. Malam Irmiya ya saurare shi har ƙarshe. Sa'an nan ya ce, "Da ka gaya mini, da a tsaye za mu gyara shi. Ni kuwa na riga na kira dilan nan, na ce masa macuci." Ya sunkuya ya jawo kwalin daga cikin tarkace, ya kaɗe masa ƙura, ya ɗora shi a kan tebur. Ya ɗauki wayarsa ya ce, "Zauna. A gabanka zan ba shi haƙuri."

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Katin nan shi ne duk abin da Allah ya danƙa a hannunmu: jikinmu, gidanmu, aikinmu, 'ya'yanmu. Wanda ya yi su ya san nauyin da kowannensu zai iya ɗauka, iyakar da ya sa kuwa ba rowa ba ce, jinƙai ne. Amma mukan ga na maƙwabci yana gudu, sai mu ce namu ma dole ya yi. Mu hana jiki hutu, mu cinye ranar sujada da neman abinci, mu ɗora wa yaro abin da ya fi shekarunsa, don ɗan wane ya zo na ɗaya. Jiki yana kuka, gida ya ɗauki zafi, mu ce ai ci gaba ne.

In abin ya tsaya kuma, sai mu fara neman mai laifi. Wani ya ce matarsa ce, wani ya ce fasto ne, wani ya ce maƙiya ne daga ƙauye. Wani ma har da Allah yake fushi, yana cewa rabon da aka ba shi ba mai kyau ba ne. Sai a bar aiki a kama wani, a bar ikilisiya a shiga wata, a tashi daga gari. Bayan ɗan lokaci ciwon ya dawo, gama gaggawa da kwaɗayi ba sa zama a tsohon gari. A cikin zuciya suke, tare ake hawa mota da su.

Ku lura kuma, mutumin nan ba shi kaɗai ya sha wahala ba. Gwauruwa ta zauna kallo ita kaɗai, aka kira wani bawan Allah macuci a kan laifin da bai yi ba. Rabin gaskiya ma ƙarya ce, kuma a kan marasa laifi take sauka.

Ban ce kowane abu da ya lalace laifinka ba ne. Akwai kayan da ya kamata a mayar. Amma kafin ka ɗaure kwali, ka buɗe wurin nan da kake ta kaucewa, wanda na kusa da kai ya riga ya nuna maka ka ƙi dubawa. Ka kai shi gaban Ubangiji da bakinka, ka roƙe shi ya mai da kai yadda ya yi ka. Tafiyarka za ta ragu, wasu za su wuce ka a hanya. Ka bar su su wuce. Kai dai ka isa.