Fuskar Ɗan Fari a Talabijin

An yi wani mutum a wani gari, ba zan faɗi garin ba, don na san halinku, kafin la'asar wani ya hau babur ya tafi neman gidan. Sunansa Tanimu, sana'arsa gyaran rediyo da talabijin. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, wani bawan Allah ne mai ɗan shago a bakin kasuwa, da ɗaki ɗaya a bayan shagon. Matarsa ta rasu shekara tara ke nan, Allah bai ba su haihuwa ba, danginsa kuma suna can nesa.

Ku saurara, jama'a. Mutumin nan ya shekara ashirin yana gyara wa mutane abin kallo, shi kuwa ko 'yar ƙarama ba shi da ita. In ya gyara taka, ka zo ka ɗauka, sai shagon ya yi tsit. In ya zauna cin abinci, babu wanda zai ce wa bismilla. Kaɗaici ciwo ne, wanda bai ɗanɗana ba ya gode wa Allah.

A ƙarshen garin kuma akwai wani tsohon tela, Malam Haladu, shi ma shi kaɗai yake zaune. Ɗansa ɗaya ne a duniya, Sagiru, shi ne fari shi ne auta. Kun dai san mutanen da da kunyar ɗan fari. Malam Haladu bai taɓa kiran sunan yaron nan ba, sai dai "kai" ko "wancan". Bai taɓa tsayawa ya ƙare wa fuskarsa kallo ba. Ba ƙi ba ne, wallahi so ne, amma haka ya tarar ana yi. Sagiru ya girma yana aikin buga takardu da kwamfuta. Ranar da ya buɗe shagonsa aka ɗauke shi bidiyo, ya ce, "Baba, zo ka gani." Uban ya kau da kai ya ce yana da ɗinki. Bayan shekara biyu Sagiru ya rasu a haɗarin mota.

Aka kwaso kayan shagonsa aka kawo gida. A hanya allon kwamfutar ya fashe, sai akwatin ya rage. Sannan idon tsoho ya soma tafiya. Likita ya gaya masa gaskiya, ganin nan yana ƙarewa, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Ƙaramin hoto ya riga ya fi ƙarfinsa. Amma akwai wata babbar talabijin da Sagiru ya saya masa, sai ya yi tunanin in aka haɗa ta da kwamfutar da bidiyon nan yake ciki, watakila ya ga fuskar ɗansa sau ɗaya kafin duhu ya rufe.

Ranar wata Alhamis ya dogara sanda har shagon Tanimu. To, kuna tsammani ya faɗi dalili? Ina! Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Cewa ya yi, "Malam Tanimu, akwai wasu 'yan abubuwa a cikin na'urar nan, in da hali a sa su fito a talabijin."

Tanimu ya ɗauki jakarsa ya bi shi. Ya juya bayan kwamfutar, ya ga kafar da ake soka wayar hoto a sama, ya soka. Ya soka ɗaya bakin a talabijin. Aka kunna. Kwamfuta tana gurnani, fitilarta tana ci, talabijin kuwa shuɗi kawai, da ɗan rubutu yana yawo wai babu saƙon da ya iso. Ya ɗauki rimot ya bi hanyoyin shigar hoto ɗaya bayan ɗaya, shiru. Ya canza waya, shiru. Ya kashe duka ya sake kunnawa, shiru. Hadari kuwa ya haɗo, ga kayan mutane ya bari a ƙofar shago. Sauri ya haifi nawa. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce, "Baba, talabijin ɗin nan ta samu matsala a ciki, ba za ta karɓi hoto ba. Gyaranta sai a birni, in ma za ta gyaru."

Tsohon ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri. To ɗauke ta, ɗana, na ba ka. Ka ciri abin da zai yi maka amfani. Ni ganinta a ɗakin nan nauyi yake mini."

Tanimu ya yi godiya, ya sa aka kai masa ita shago.

Ranar Asabar da hantsi wani ya kawo masa kwamfuta gyara, irin waccan sak. Da ya juya bayanta, sai ya ga kafar hoto biyu ce, ɗaya a sama, ɗaya can ƙasa an toshe ta da baƙar roba. Ya san ƙa'idar, in kwamfuta tana da ta ƙasa, to ta sama a mace take, hoto ta ƙasa yake fita. Kuma ya tuna sarai ya ga baƙar robar nan a gidan Malam Haladu, bai ko taɓa ta ba. Ya jawo talabijin ɗin tsoho, ya haɗa da wannan kwamfutar ta kafar ƙasa. Hoto ya fito tar, kamar yau aka sayo ta.

Innalillahi! Ashe lafiyarta ƙalau, gwani ne ya yi kuskure.

To, a nan nake so ku buɗe kunne. Shaiɗan ba ya zuwa wa mutumin kirki da babbar sata, ya san ba zai yarda ba. Da lallashi yake zuwa. Ya ce masa, "Ai kyauta aka ba ka, ba ka roƙa ba." Ya ce masa, "Shekara ashirin ba a taɓa cewa Tanimu ya kasa ba, yanzu za ka je ka ce waya ce ka soka ba daidai ba? A yi maka dariya a kasuwa?" Ya ce masa, "Tsohon ma ba gani yake sosai ba." Tanimu ya sa mata eriya, wai gwaji. Da azahar ya zauna cin abinci, ga mutanen cikin talabijin suna magana a ɗakinsa, suna dariya. Rabon da ya ji muryar mutum yana cin abinci, tun matarsa na da rai. Sai da ƙwalla ta zo masa. Kada ku yi saurin zarginsa, ba kwaɗayin kaya ba ne, abokin zama ya samu.

Ya ce gobe zai mayar. Lahadi ta zo, ya ce gobe. Litinin ta zo, ya ce gobe. Amma abincin ya daina daɗi. In ya tsaya salla, baƙar robar nan yake gani. Ranar Talata da safe ya kashe ta, ɗakin ya koma tsit kamar da, ya ce wa kansa, "Tanimu, ka ji tsoron Allah. Da bakinka ka ce ta lalace, a kan maganarka aka ba ka. Kyautar da aka gina a kan kuskurenka ba taka ba ce." Ya naɗe ta da bargo, ya ɗora a baro, ya tura da kansa ta tsakiyar kasuwa. Masu shaguna suna tsokanarsa, "A'a, gwani, yau dako ake yi?" Ya ce, "Kuskure na yi, zan je in gyara."

Ya yi sallama, ya durƙusa gaban tsoho. "Baba, talabijin ɗinka lafiyarta lau. Ni ne na soka waya a inda ba nan ba. Kuma tun Asabar na gane, na riƙe ta kwana uku saboda son zuciya. Ka yafe mini."

Malam Haladu ya juyo da gefen fuskarsa na dama, kamar mai leƙe ta ƙofa. Ya ce, "Tun Asabar?" Ya ƙara da cewa, "Shekaranjiya na tashi na tarar idona na hagu ya rufe. Na daman ne ya rage, shi ma kamar ta cikin hayaƙi. Ba komai, ɗana. Haɗa mu gani."

Jama'a, da ƙasa za ta tsage da Tanimu ya shige. Ya cire robar, ya soka waya a kafar ƙasa. Talabijin ta yi ƙyaf, sai ga hoton wani saurayi ya cika ta. Amma hoton ya yi wa gilashin yawa, an yanke kan daga hanci zuwa sama, sai baki da haɓa da farar riga. Tsohon ya ja jiki har ya kusa manna fuska da gilashin. Ya ce, "Sauko mini da shi. Idanun nake so. Ɗana ne, ya rasu. Shekara talatin da ɗaya yana gabana ban taɓa kallonsa ido da ido ba."

Sai a lokacin Tanimu ya san abin da ya riƙe a ɗakinsa kwana uku. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ya ɗauki rimot ya shiga wajen girman hoto, ya fitar da shi daga faɗaɗawa, ya rage, ya sake ragewa, har hula ta sauko, goshi ya sauko, idanu suka fito. Ya nemo bidiyon ya kunna. Baki yana motsi, babu murya. Ya haƙura ya bi a hankali, ya tarar kwamfutar tana tura sauti wata hanya dabam, ya juyo da shi talabijin. Sai ga murya ta cika ɗakin, saurayin yana dariya yana cewa, "Wannan shagon albarkar Babana ce. Ba zai zo ba, kunyata yake ji, amma na san yana yi mini addu'a."

Tsohon ya ɗora tafin hannu a kan gilashin. Ya ce, "Sagiru." Ya sake cewa, "Sagiru." Sunan da bai taɓa fita bakinsa ba ke nan. Tanimu ya fita tsakar gida ya tsaya, ya bar uba da ɗansa.

Ba a yi sati biyu ba na daman ma ya rufe. Malam Haladu ya aika aka kira Tanimu, ya ce, "Yanzu kam ɗauke ta, halal ɗinka ce." Tanimu ya ce, "A'a, Baba, a bar ta nan. Kai kana jin muryar, ni kuma in zo in kunna maka." Tun daga ranar kullum da azahar yakan rufe shago, ya zo da kwanonsa, su ci tare. Amma har Tanimu ya bar duniya, in aka yabe shi da gaskiya sai ya girgiza kai ya ce, "Da na je ran Asabar, da ido biyu zai gan shi."

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Faɗin "na yi kuskure" ba ya rage mutum, kuma haƙƙin wani ba a ce masa gobe. Tanimu ya mayar, Allah ya saka masa, amma kwana ukun nan ba su dawo ba. Kai makaniki, kai tela, kai mai gyaran waya, abin da aka miƙo maka kana ganin ƙaramin aiki ne, ba ka san me mai shi ya rataya a kansa ba, kuma ba kowa ne zai iya buɗe baki ya gaya maka ba. Duba da kyau kafin ka ce ya mutu. In kuma akwai abin wani a hannunka, ko wata gaskiya da ka danne, kada ka jira Talata.

Ku kuma iyaye, kunya ado ce, ban ce ku yar da ita ba. Amma yau in kun koma gida, wanda ɗansa yake raye ya ɗaga kai ya dube shi, tun idon yana gani, tun yaron yana nan. Allah ya sa mu gyara tun da sauran haske.