Kurege da Kabewar Iri

Dalilin da ya sa kurege yake binne abinci a ƙasa, sannan ya miƙe a kan ƙafa biyu yana leƙe-leƙe, ba abin dariya ba ne. Ku ajiye danƙon nan ku saurara, ba na maimaita magana.

A da can an yi wata tsohuwa, Tasalla, mai lambu a bayan ɗakinta. Akwai kuɓewa, akwai yakuwa, ga kabewa wadda irinta daga hannun uwarta ya fito. Ta kewaye lambun da ƙaya, amma ta bar 'yar kafa ta gabas saboda baƙin daji. Zomo ya ci ganye, bushiya ta tsince tsutsa, kurege ya kwashi abin da ya faɗi. Doka ɗaya ta kafa musu.

"Duk abin da na shafa wa toka, iri ne. Wanda ya ci iri, baɗi ya cinye."

Sai aka yi shekarar fari. Lambu ya ƙone ƙurmus, saura gindin kabewa guda. Ko ruwan wanke-wanke Tasalla ba ta zubarwa, nan take juye shi. Gindin ya yi 'ya ɗaya tak. Ta shafe ta da toka, ta sa mata kasko a ƙarƙashi.

Shi kuwa kurege, 'ya'yansa kuka suke a rami. Da hantsi ya ga tsohuwa ta ɗauki tulu ta nufi rijiya. Ya shiga, ya zagaya kabewar, ya sake zagayawa. Ya ce a ransa, ai ƙwaya kaɗan ba za ta rage komai ba. Ya huda ta ta ƙasa, ya cika kumatu ya kai gida. Yara suka ce ƙari. Ya koma. Haka, haka, har ya bar ƙwarya.

Tasalla ta dawo, ta ɗaga kabewa ta ji shafal. Ba ta yi kuka ba. Ta kira baƙin dajin nan duka.

Bushiya ta ce, "Iya, ni tsutsa na sani."

Zomo ya ce, "Ni ko kusa ban je ba, Iya."

Kurege ya sunkuyar da kai. Ga toka fara fat a hancinsa.

"Goge hancinka," in ji ta.

"Iya, yara ne suka..."

"Ni ba ni da yara? Jikokina kullum kallon kabewar nan suke, suna shan miyar kuka tsura. Da ka buɗe baki ka roƙa, da na yanka maka tsokarta na riƙe ƙwayar. Tsoka ta yau ce. Kai baɗi ka ɗauka."

Ta jawo ƙaya ta toshe kafar gabas.

"Ba ka sake shiga nan, sai ran da ka nuna mini kabewar uwata a raye."

Kurege ya ruga gida. Ya tarar da 'yan ƙwayoyin da yara ba su kai ga ci ba, ya fizge daga hannunsu suna ihu. Bai taɓa shuka ba. Ya binne nan, ya binne can, ko alama bai sa ba, har ya manta wuraren.

Damina ta zagayo. Wata safiya sai ga ganyen kabewa ya buɗe a gefen juji. Kurege ya sheƙa bakin shinge, ya miƙe a kan ƙafa biyu don ya hango tsohuwa ta saman ƙaya.

"Iya! Iya, ta tsiro!"



Bushiya ta leƙo daga ƙarƙashin ƙaya. "Wa kake kira? Tun kafin ruwan farko aka kai ta makwancinta. Jikokin ma dangi sun kwashe."

"Rijiya ta tafi," in ji kurege. "Yanzu za ta dawo."

Ya ci gaba da tsayuwa, hannuwa a ƙirji.

Shi ya sa har yau in ya sami ƙwaya sai ya binne, ya miƙe yana duba hanya ko tsohuwa na tafe da tulunta. In kun gan shi a lambuna ku kore shi, ɓarna ɓarna ce. Amma kada wanda ya harbe shi yana tsaye. Kuɓewar can da na shafa wa toka kuwa, wanda ya taɓa ta, ni da shi ne.