Mai Askin Da Ya Zama Likitan Kansa

Jama'a, ku ɗan ba ni hankalinku.

Akwai wani dattijo mai aski a bakin wata kasuwa, kowa na kiransa Baba Oga. Shagonsa ƙarami ne, kujera ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, sai benci na masu jiran layi. Ya haura sittin, amma hannunsa bai taɓa rawa ba. Abin alfaharinsa kullum shi ne bai taɓa kwanciya a asibiti ba.

Wata safiya ya farka ya kasa ɗaga hannuwansa. Kafaɗu sun sandare, ƙugu ya riƙe, wuya ba ya juyawa. Sai da matarsa ta sa masa riga kamar ƙaramin yaro. Rana na ɗagawa jikin ya ɗan saki, gari na wayewa ya sake kamawa. Da abin ya ƙi ƙarewa, ta matsa masa suka je asibiti.

Likitar matashiya ce. Bayan gwajin jini ta ce, "Baba, sunan ciwon nan polymyalgia rheumatica, kumburi ne da ke kama kafaɗu da ƙugu. Zan ba ka ƙwayar siteroid mai kwantar da kumburi. Za ka ji sauƙi da wuri, amma a hankali ake rage ta, yakan kai shekara ko fiye. Idan ciwon ya motsa, ka dawo mu gyara tare. Kada ka ƙara da kanka, kada kuma ka daina lokaci ɗaya."

Ta ƙara da cewa in ya ji ciwon kai a gefen goshi, ko muƙamuƙi na masa ciwo wajen tauna, ya zo a ranar. Baba Oga yana ta gyaɗa kai, hankalinsa na shago.

Kafin mako ya zagayo ya miƙe garau. Ya koma aiki yana ɗaga hannu sama yana nuna wa mutane. "Kun gani? Ciwon ne ya ji tsorona."

Watanni suka tafi, likita na rage ƙwayar kaɗan-kaɗan. Sai ciwon ya dawo. Ya ɗauki injin aski, hannun ya tsaya a rabin hanya.

Matarsa ta ce, "Malam, mu koma wajen likitar nan mana. Ai ta ce hakan na faruwa."

"Wace likita? Yarinyar da na haifi kamarta? Ita ta rage maganin, ita ta dawo mini da ciwon. Jikina ne, na fi ta saninsa."

Ya shiga kemis ya sayo ƙwayar, ya riƙa sha yadda ransa ya ba shi. Ciwon ya lafa, shi kuma ya daina zuwa asibiti gaba ɗaya.

Sannu a hankali fuskarsa ta cika ta yi zagaye, ƙishirwa ta dame shi, fatar hannunsa ta yi laushi har ɗan gogawa sai ta yi tabo. Rannan wani direba da ya daɗe yana aski a wajensa ya kalle shi ta madubi ya yi dariya.

"Baba Oga, wannan kumatu fa? Ko Hajiya ta ƙara maka mai a miya ne?"

Masu jira suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi yaƙe, amma maganar ta soke shi, don ya san ƙwayar ce ta kumbura masa fuska. Yana isa gida ya juye sauran ƙwayoyin a bola.

"Malam, don girman Allah! An ce ba a dainawa haka!"

"Na warke. Kar ki sake yi mini maganar."

Jiki ya fara gaya masa. Kasala, jiri, tashin zuciya, ga kafaɗu sun koma gidan jiya. Sai ciwon kai ya zo, a gefen goshi, har hula ba ya iya sawa. In yana cin abinci sai ya tsaya ya dafe muƙamuƙi. Matarsa ta yi kuka, ta roƙe shi su koma asibiti, ya ce gajiya ce kawai. Kunya ce ta hana shi, don bai san da wane ido zai kalli likitar ba.

Wata rana yana tsakiyar yi wa wani aski, sai ya ga kamar an saki baƙin labule a idonsa na dama. Ya murza, ya sake murzawa. Labulen bai ɗaga ba.

A asibiti likitar ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce kumburin ne ya kama jijiyar jinin da ke ciyar da ido. Aka ɗora shi kan magani mai yawa fiye da wanda ya gudu daga gare shi, don a ceci na hagu, wanda shi ma ya riga ya fara dushewa.

"'Yata, na daman zai dawo?"

Ta ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba."

Yanzu yana gida, ana rage masa ƙwayar daga farko, ciwon na tafiya yana dawowa. Kwanaki wani tsohon abokinsa ya zo har gida, ya ce shi ba wanda zai taɓa masa kai sai Baba Oga. Aka ɗauko inji aka ba shi. Ya shafa kan abokin da tafin hannu, ya kunna injin, ya daɗe a tsaye yana ƙifta ido. Sai ya kashe.

"Tashi ka je wani wurin," ya ce. "Ba zan ɓata maka kai ba."

Darasi: Jin sauƙi daban, warkewa daban. Maganin da aka ce a rage a hankali, kada ka ƙara shi ko ka yanke shi da ra'ayinka, kuma kada girman kai ya hana ka komawa wajen likita. Ku tura wa duk mai jinyar iyaye a gida, wataƙila ku ceci idon wani.