Giɓin Wuƙar Cindo

"Ga ta nan, ga ta nanku, da gawayi a ƙafarta."

"Ta zo mu ji ta, mun share mata wuri."

To, ku matso. Wata tsohuwa ce, sunanta Tasalla. Ubanta maƙeri ne, ana ce masa Cindo, don yatsa shida gare shi a hannun dama. A zamaninsa babu mai ƙera wuƙa kamarsa. Shi ke haƙo tamarsa, shi ke narka ta, shi ke bugu. Tasalla kuwa, tana 'yar ƙarama, ita ke masa zuga.

Wata rana ya gama wata wuƙa ya ajiye. Tasalla ta ɗauka, wai ita ma maƙeriya ce, ta sari uwar maƙera, ƙarfen da ake bugu a kansa, da ita. Kaifin ya yi ɗan giɓi. Ta rufe ido tana jiran duka. Cindo ya yi dariya, ya ce, "Ba zan goge ba. Wannan giɓin Tasalla ne." Ya riƙe wuƙar, ta zama tasa ta aiki.

Kwanci tashi, Cindo ya rasu. Rijiyar garinsu ta ƙafe, mutane suka watse, gari ya zama kufai. Wuƙaƙensa suka bi duniya. Tasalla ba ta tsira da ko allura ba.

Yanzu ta tsufa, yanar ido ta fara rufe mata gani. Ba ta da kowa sai akuya guda, mai ba ta nono da surutu. Kullum bayan azahar takan kishingiɗa a gindin tsamiya, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Sai ta ga maƙera. Wuta ta yi ja, tartsatsi na tashi a hankali, ya tsaya a sama ya ƙi saukowa. Ga ubanta zaune, ya ba ta baya, yana bugu yana waƙa:

"Zuga, Tasalla, zuga,
ƙarfe bai san sauri ba."

Ta ce, "Baba, juyo." Ba ya juyowa. Sai ta farka da hawaye, don ta manta fuskarsa. Ta tuna muryarsa, ta tuna yatsunsa, amma fuskar ta ɓace mata, kuma abin na cin ranta.

Ta ce a ranta, in na riƙe abin da hannunsa ya ƙera, wataƙila ya juyo. Ta sa aka yi shela ranar kasuwa: duk wanda ya kawo mata wuƙar Cindo ta gaskiya, akuya ta zama tasa.

Akuya ta ce, "Iya, ni an tambaye ni?"

"Yi haƙuri, 'yar nan. Ba ni da abin bayarwa sai ke."

"In mutum ne ya zo, da sauƙi. In mai dogon baki ne fa?"

To, wa kuke tsammani ya fara jin shelar?

"Dila."

Shi ɗin ne, kunnensa ba ya barci in an ambaci akuya. Ya samo sabuwar wuƙa fil, ya goge ta tana walƙiya, ya zo ya yi sallama.

"Iya, barka da hutawa. Ga wuƙar marigayi, kakana ne ya bar mini."

"Sannu, Malam Dila. Miƙo."

Ba ta ko duba ba. Ta kai ta kusa da kunne, ta ƙyasta da farce. Wuƙa ta ce kil, ta yi shiru.

Ta ce, "Wannan muryar yarinya ce. Wuƙar tama muryarta ƙasa-ƙasa take, kuma tana daɗewa a kunne. Ga shi ma tana warin gawayi. Jiya aka haife ta."

Dila ya ce, "Ashe ɗauko ta na yi a duhu." Ya tafi.

Ya samo tsohuwar fartanya ta tama, ya sa aka ƙera masa wuƙa da ita. Ya binne ta a taɓo kwana bakwai, ta yi tsatsa jawur. Ya dawo.

"Iya, yau kam ga tsohuwa. Dubi furfurarta."

Tasalla ta ƙyasta. Murya ta yi daidai. Ta shafa cikin wuƙar da yatsa, ta girgiza kai.

"Tsatsa ba tsufa ba ce, Malam, rashin gata ne. Wuƙar da ta shekara sittin tana aiki, dutsen washi ya cinye cikinta, ta rame kamar jinjirin wata. Wannan ko har da tumbi gare ta."

Da Dila ya tafi, Akuya ta ce, "Iya, ba korarsa kike yi ba, karatu kike ba shi. Saura darasi ɗaya ya sauke a kaina."

Gaskiyar Akuya kuwa. Dila ya zauna ya wasa wuƙar kwana bakwai, har hannunsa ya yi kanta, har ta rame. Ya ji labarin yatsa shida, ya buga ɗigo shida a fuskarta. Saura ƙota. Ya tafi kufan garin su Cindo neman tsohon ice. Ya sami guntun ƙirya. Yana tono kuma, ya ci karo da wata mummunar guntuwar wuƙa a ƙarƙashin fasasshiyar tukunya, baƙa ƙirin, ba tsini. Da ita ya sassaƙa ƙotar, ya shafa man kaɗe, ya turara da hayaƙi. Ya jefa guntuwar a jaka, ya taho yana lasar baki.

"Iya, na uku ba ya faɗuwa ƙasa."

Tasalla ta ƙyasta, murya ta yi. Ta shafa ciki, rama ta yi. Yatsanta ya hau ɗigo shida. Ta san ubanta ba ya sa tambarinsa a fili. A wutsiyar wuƙa yake sa shi, can cikin ƙota, yana cewa aiki ya fara magana kafin suna. Ta sani sarai. Amma ta gaji da jira, ranta ya so ta yarda. Hannunta ɗaya ya nufi igiyar Akuya. Akuya ta daina tuƙa.

Sai babban yatsanta ya ji wani abu a jikin ƙotar. Duk inda aka sassaƙa, akwai ɗan siririn layi da ya taso kamar zare. Wuƙa mai giɓi ce kaɗai ke barin irin wannan sawu. Ta janye hannunta daga igiyar.

"Malam Dila, da me ka sassaƙa ƙotar nan?"

"Ni? Ai marigayi ne ya..."

"Man kaɗen bai ko bushe ba. Da me?"

Dila ya sosa kunne, ya zaro guntuwar. "Wannan matacciyar."

"Mece ce darajarta, a ganinka?"

"Ko ƙwai ɗaya ba ta kai ba. Riƙe ta gyara, ni dai a kwance mini akuya."

Tasalla ta bi kaifin da yatsa, a hankali, a hankali, har yatsan ya faɗa cikin giɓin. Ta buga ruɓaɓɓiyar ƙotar guntuwar a kan dutse, ta rabe biyu. Ga ɗigo shida a wutsiya, jere, kamar yau aka buga su.

Dila ya daka tsalle. "To ai ni na kawo ta. Akuya tawa ce."

Akuya ta ce, "Gyara ka ce, Malam, kuma gyara kyauta ce. Ta cinikin kuwa ga ta can, ɗauki abarka."

Tasalla ta ce, "Da bakinka ka yanka mata ƙwai ɗaya. Ungo biyu, ka sha hanya."

Bayan ya tafi, ta ɗebo toka ta goge wuƙar, ta goge, har ƙarfen ya yi haske. Ta kawo ta dab da idonta a cikin rana. Sai ga faffaɗan goshi, ga idanu masu nauyi, ga leɓe mai shirin dariya. Ta ce, "Baba."

Akuya ta leƙa, ta ce a hankali, "Iya, ai fuskarki ce."

"Na sani, 'yar nan. Ashe tsufa ya maido mini da ita, ina yawo da ita ban sani ba."

Ran nan bayan azahar ta kishingiɗa a gindin tsamiya, wuƙar na hannunta. Wuta ta yi ja, tartsatsi ya tsaya a sama. Ba ta ko ce juyo ba. Cindo ya ajiye masabar bugunsa, ya juyo, ya ce, "Kin daɗe, Tasalla. Zo ki kama zuga."

Shi ya sa har yau za ku ga Dila yana tono a kufai, yana neman abin da ya bayar gyara. Ku kuma ku riƙe: darajar tsohon abu ba a walƙiyarsa take ba, ba a tsatsarsa ba, tana wurin wanda ya san hannun da ya yi shi.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Wanda ya ce ƙarya na yi, ya je kufai ya tambayi Dila.