Kututture Goma Sha Bakwai

Akwai wani ɗalibin kwalejin gandun daji da ake kira Dogo. Ƙwaƙwalwa kam akwai ta, amma ji da kai sai ka ce shi ya ƙirƙiro bishiya.

Wata rana malaminsu ya kai su bakin wani rafi da itatuwansa ke ƙarewa. Ya haɗa su su huɗu: Dogo ya duba itace, ɗaya ya auna ƙasa, ɗaya ta gwada ruwa, ɗaya ta zanta da mutane. Ya ce, "Rahoto ɗaya nake so, kuma da shi hukuma za ta yi aiki."

Dogo bai jira kowa ba. Ya ƙirga kututture goma sha bakwai kewaye da lambun wata tsohuwa, ya hango gatari a bukkarta. Shi ke nan, ya rubuta cewa ita ke sara, a tashe ta.

Lambun nan kuwa da shi take ciyar da jikoki uku.

Malam ya karanta, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ƙirgarka daidai ce. Ka ji ta bakin 'yan uwanka?"

"Malam, maganar itace ce fa."

"Zo ka taɓa ɗaya."

Dogo ya durƙusa ya danna kututture, sai ga shi yana marmashewa. Mai auna ƙasa ya nuna masa gishiri fari fat a gindin. Mai gwada ruwa ta ce ruwa ne ke kwanciya a ƙarƙashi, ya ruɓar da saiwa. Ashe a tsaye itatuwan suka mutu tun kafin gatari ya taɓa su.

Ta huɗun ta ja shi bayan bukka. Gwangwanaye ne jere, kowanne da ɗan tsiro.

Tsohuwa ta ce, "Duk itacen da ya mutu sai na dasa wani, ɗana, amma ba sa kamawa. Ku da kuka yi karatu, ina nake kuskure?"

Wallahi kunya ta rufe Dogo, idonsa ya ciko. Ya ce, "Iya, ba ki yi kuskure ba. Ni ne na kusa zaluntar ki."

Ya yage takardarsa. Su huɗun suka sake rahoto: a buɗe wa ruwa hanya, a bar tsohuwa a lambunta. Haka kuwa aka yi. Shi da kansa ya kwashe mata tsiron zuwa tudu, tana gaba tana nuna masa inda zai taka.

Darasi: Komai saninka, gefe ɗaya kake gani. Kafin ka yanke hukuncin da zai taɓa abincin wani, ka saurari masu ganin sauran gefen. Ku tura wa 'yan uwa, ko wani zai tsaya ya tambaya.